Sa tayil a cikin motar gida: zai zauna ko fashewa zai yi a hanya?

Dan_Indiana:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar masu sana'a nake nema. Na sayi motar gida ta hannu, irin wadda ake kira RV a nan Amurka, mai ɗakin kwana da kicin da banɗaki a ciki. Ƙirar 2011 ce a kan shasin Ford E-450, tsawonta ƙafa 31, kuma tana da ɓangare guda da ke turowa waje idan an yi fakin domin falon ya ƙara faɗi. Inji lafiya lau. Cikinta ne damuwata. Rabin ƙasan kafet ne, rabi leda, kuma wanda ya sayar min yana da kare, duk wankin da muka yi warin ya ƙi fita. Uwargida ta ce ba za ta shimfiɗa darduma a kan wannan kafet ba, kuma tana da gaskiya. Niyyata in ɗaye komai in sa tayil irin na gida: ƙasa gaba ɗaya, bangon bayan murhu, da saman kantar kicin. Na auna wurin da ke fili ya kai murabba'in mita 12. Wa ya taɓa yi? Wane gam ake sawa?

Oga_Tayil_Kano:
Wa'alaikumus salam Alhaji. Allah ya sanya alheri, ya kiyaye hanya. Abu na farko da muke koya wa yaro a wannan aiki shi ne ƙarfin tayil a ƙarƙashinsa yake. A gida muna ɗora shi ne a kan daɓen kankare da ya bushe ya zauna. Ko a nan ɗin, idan gini ya ɗan zauna ta gefe guda, za ka ga layin fashewa ya ratsa tayil biyar shida a jere. To mota fa? Kullum cikin murɗawa take. Farin simintin da ke tsakanin layuka shi zai fara zama gari, bayan nan ka ƙwanƙwasa tayil ka ji yana ƙarar fanko, daga nan sai kusurwa ta ɓalle. Ni dai a ƙasa ban ba ka shawara ba. Na bango kuma ana iya tattaunawa.

Direban_Tirela_TX:
Malam kafin maganar gam, je ka buɗe ƙofar direba ko ƙofar shiga ɗakin, akwai takarda mai ruwan ɗorawa a manne. Ita ce ke faɗin iyakar nauyin mutane da kaya da motar za ta ɗauka. Karanto mana lambar.

Dan_Indiana:
Na duba yanzu. Laba 1,400 aka rubuta, wato kilo 635.

Direban_Tirela_TX:
To ka ga inda gizo ke saƙar. Wannan lamba ta haɗa da kai da iyali, da ruwan da ke tanki, da abinci, da tukwane, da duk wani tarkacen da kuka loda. Ku nawa ne?

Dan_Indiana:
Mu shida. Ni da ita da yara huɗu, biyu sun tasa. Tankin ruwa galan 40.

Injiniya_Zariya:
Bari in yi lissafin a fili kowa ya gani. Tayil ɗin fosilin mai kaurin milimita 8 zuwa 10 yana kai kilo 20 ko sama da haka a kowane murabba'in mita. Ƙara gam da abin cike layi, a ce kilo 5. Kilo 25 ke nan. Sau 12 ya ba ka kilo 300. Wannan idan a kan katakon motar ka manna shi kai tsaye, abin da bai dace ba. Idan ka shimfiɗa allon siminti mai kaurin kwatan inci a ƙarƙashi kamar yadda ake yi a gidajen katako na can, shi ma yana da kusan kilo 9 a murabba'in mita, ka tasar wa kilo 400 ke nan.

Ɗaya gefen kuma: galan 40 lita 151 ne, ruwa kuma lita ɗaya kilo ɗaya. Mutum shida, a ce kilo 350. An cinye 500 daga cikin 635. Saura 135 na abinci da sutura da kayan aiki. Ina za ka sa 300 na tayil? Kafet da ledar da za ka cire ba su da wani nauyin da zai rama maka.

Sai magana ta biyu. Ƙa'idar da masu tayil na Amurka ke bi ita ce daɓe kada ya lanƙwasa fiye da kashi ɗaya cikin 360 na tsawon tazarar da ke tsakanin ginshiƙansa. Idan dutse ne irin mabul, kashi ɗaya cikin 720. A tazarar mita 3, milimita 8 kawai aka yarda da shi. Kuma an yi ƙa'idar ne domin gidan da ke tsaye wuri ɗaya. Mota mai ƙafa 31 idan tayarta ɗaya ta hau tudu ɗaya ta faɗa kwari, bodin gaba ɗaya murɗewa yake yi.

Baba_Houston:
Injiniya ban ƙi lissafinka ba, amma kada a ce wa yaron nan ba a sa tayil a motar gida. Ana sawa. Na je baje kolin da ake yi a Tampa ta Fulorida a watan Janairu, na shiga manyan motocin nan na kamfanonin Newmar da Tiffin, tayil ne fes tun daga bayan kujerar direba har ɗakin kwana, wasu ma da na'urar ɗumama ƙasa a ƙarƙashi. Daga kamfani suke zuwa haka. Kuma shi da ke Indiana ai a gidan abin yake, yankin Elkhart ne ke ƙera mafi yawan motocin gida na Amurka.

Injiniya_Zariya:
Gaskiya ne Baba, kuma na gode da gyara. Sai dai waɗancan girman bas ne, injin dizal a baya, shasi mai kauri, kuma a kan jakunkunan iska suke zaune maimakon sifirin na ƙarfe. Tun wurin zane aka lissafa nauyin tayil ɗin aka ƙarfafa ƙasan dominsa. Ta Dan_Indiana shasin babbar motar kaya ce mai sifirin a baya, aka ɗora mata ɗaki. Ba ajinsu ɗaya ba.

Baba_Houston:
Wannan haka yake. Ko masu manyan ma na ji suna ajiye kwalin tayil na canji a ma'ajiyar ƙasa.

Dan_Damagaram:
Ni tambayata daban ce ɗan'uwa. Kuɗin motar nan da na gyaranta, da ka aiko gida ai da ka sayi fili ka fara ɗora bulo. Mota kullum faɗuwa darajarta take yi.

Dan_Indiana:
Alhamdulillahi akwai abin da ake yi a gida, ba a manta ba. Amma a nan mutum shida su kama otal, su ci abincin waje da ba ka san yadda aka yanka naman ba, tafiyar ziyara guda sai ta cinye albashi. Da wannan muna girkinmu, muna sallarmu, yara suna ganin 'yan'uwa a wasu jihohi.

Hajiya_Columbus:
A bar shi da motarsa don Allah, shawarar tayil ya nema. Mu ma muna da irinta, ta ja ce da ake ɗaura wa a-kori-kura. Bari in yi maganar kantar kicin tunda ni ce mai tsayuwa a kicin. Ƙanina, kada ka sa wa matarka tayil a saman kantar nan. Kantar motar gida duka-dukanta nawa take? Ga sinki, ga murhu, abin da ya rage bai fi wurin ajiye faranti biyu ba. Idan ka yanka wannan ɗan wurin da layukan tayil, duk ranar da ta murza fulawar cincin ko ta yanka nama, a cikin layukan komai zai maƙale. Manja kuwa idan ya shiga farin siminti ya shiga ke nan, sai dai ya koma ruwan ƙasa. Kofi ma ba ya zama daidai a kan gaɓar tayil biyu. Fomeka sabuwa ta wadatar, ko katako mai kauri da aka shafa wa mai, ko irin Corian ɗin nan da ba shi da gaɓa. Goge ɗaya ka gama.

Bangon bayan murhu kuwa ina bayanka ɗari bisa ɗari. Takardar da suke mannawa a bangon ba a yi ta domin suyar mu ba. Ka soya kifi ko ka yi miyar ja sau kaɗan, ka ga bango ya yi ɗigo-ɗigo, kana gogawa fentin takardar na bin tsumma.

Maman_Iman:
Hajiya kin gama magana a kan kanta. Ni motar sayar da abinci gare ni a Abuja, bas ce aka gyara. Wanda ya fara yi min aikin tayil ya jera min a saman kantar abinci da ƙasa da kwaɓin siminti irin na gida. Damina ɗaya ba ta ƙare ba na fara tsintar ɓaraguzai a ƙarƙashin firji. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wani siririn ɓalli mai kaifi da na gani dab da tiren da muke juye shinkafa. Ranar na sa aka fasa duka aka shimfiɗa farantin silba mara tsatsa a kanta. Inda abinci yake, abin da ke iya tsagewa ba wurinsa ba ne.

Panteka_Walda:
Mu a nan Kaduna idan an kawo Kosta ko Hayis a mayar da ita shago ko motar asibiti, falankin filawud muke sawa, a bi shi da leda mai kauri ko farantin alminiyon mai zanen ƙaya, a ɗaure gefe da angul. Na bango kuma aluko muke yankawa, mara nauyi, yana da sheƙi, yana gogewa. Ka sa shi bayan murhun ka huta.

Sani_Hamburg:
Oga Panteka a yi haƙuri, aluko a bayan wuta akwai haɗari. Galibin wanda ke kasuwa fatar alminiyon ce siririya gaba da baya, tsakiyar kuma roba ce mai cin wuta. Irin wannan allo ne aka lulluɓe benen Grenfell na Landan da shi, wanda ya ƙone a 2017, kuma bincike ya nuna shi ya sa wutar ta bi bango da sauri. A bayan murhun gas a cikin ɗan akwatin da yara ke kwana, gara farantin ƙarfe zalla ko tayil na gaske.

Panteka_Walda:
Wanda muke sawa nesa da wuta yake gaskiya. A bayan murhu silba ɗin da Maman_Iman ta faɗa ya fi.

Sani_Hamburg:
Tunda na shigo bari in faɗi yadda ake yi a nan. Mu matsalar nauyi ta fi matse mu, domin lasisin ƙaramar mota a Turai kilo 3,500 ne iyakarsa, mota da kayanta duka. Shi ya sa masu mayar da motocin kaya irin Sprinter ko Ducato gida suke auna har cokali. Ba za ka ga tayil a ƙasa ba sai nadiran, amma a bangon kicin ana gani sosai.

Sirrin abu uku ne. Tayil ya zama ƙanana, irin wanda ke zuwa a jere a kan raga, kowane ƙwaya bai wuce santimita 2 zuwa 5 ba. Ƙaramin tayil ba shi da tsawon da zai karye, motsin yana rabuwa ne a cikin layuka masu yawa. Gam ya zama mai bayarwa. A buhunan nan akwai alamar S1 da S2: S1 yana jure lanƙwasa daga milimita 2.5, S2 daga milimita 5. Da yawa ma ba sa amfani da na siminti sam, da gam ɗin kwalba mai kama da roba suke mannawa. Na uku, duk inda bango ya haɗu da kanta, ko bango da bango, ko tayil da firam ɗin taga, silikon ake sawa, ba siminti ba. Nan ne wurin da ya fi motsi.

Na ƙasa kuma, idan mutum ya dage, akwai shimfiɗar roba ruwan lemo ta kamfanin Schlüter da ake kira Ditra, kaurinta wajen milimita 3. Tana raba tayil da katako ta yadda katako zai buɗe ya tsuke tayil bai ji ba. Amma motsin gefe-da-gefe take sha. Ba ta hana ƙasa lotsawa, kuma ba ta rage nauyin da Injiniya ya lissafa.

Oga_Tayil_Kano:
Malam Sani wannan bayani ya yi. Abin da zan ƙara: a kan me za a manna? Alhaji ka danna bangon da yatsa ka gaya mana.

Dan_Indiana:
Yana shiga ciki kaɗan idan na danna. Na cire murfin soket na leƙa, katakon siriri ne ƙwarai, bai fi milimita 3 ba, da takardar roba a fuskarsa, bayansa kuma farin soso.

Oga_Tayil_Kano:
To ka gani. Idan ka shafa gam a kan takardar nan, takardar ka manna wa tayil, ba bango ba. Rana ta yi zafi gam ɗin takardar ya saki, su sauko tare. Ka yanko filawud mai milimita 6 daidai girman wurin, ka nemo inda ƙarafan firam suke ka ɗaure shi da sukuru a jikinsu, ka shafa masa abin hana shan ruwa, sannan ka jera tayil a kansa. Har ma kana iya jera tayil ɗin a kan filawud ɗin a ƙasa a kwance, ya bushe, ka ɗaga ka ɗaura, ka bar gurbin sukuru ka toshe daga baya. Ya fi sauƙin samun layi madaidaici. Ka fara daga tsakiyar murhu ka tafi hagu da dama, yankakku su faɗa kusurwa inda ido ba ya zuwa.

Direban_Tirela_TX:
Kuma gajeren sukuru! Bangon duka bai fi inci ɗaya da rabi zuwa biyu ba, dogo zai ɓullo ta waje. Akwai wayoyi a ciki, a ƙasa kuma ga bututun gas da tankuna. Kashe gas daga tukunya, cire batir da wutar waje kafin ka huda komai.

Ummu_Sudais:
Me ya sa ba za a sayi na mannawa ɗin nan ba, wanda ake ɓare takardar baya a liƙa? Ba nauyi, ba ƙura, da almakashi ake yankawa. Ni shi na sa a kicin ɗin gidan haya kuma ya yi kyau.

Hajiya_Columbus:
A gida yana zama 'yar'uwa, domin gida da na'urar sanyaya ɗaki. Motar gida kuwa wata da watanni take yi a ajiye a rufe. Da bazara cikinta ya yi zafin da ba ka iya taɓa kanta, da hunturu ruwa ya daskare a bututu. Namu da muka buɗe motar bayan zafi, layin sama duk ya saki baki ya lanƙwaso. Kuma roba ne, su kansu masu yin sa suna rubuta a bar tazara tsakaninsa da harshen wuta. A banɗaki ko gefen sinki ba laifi idan an ƙara masa gam.

Malam_Zango_Kumasi:
Salamu alaikum. Ni ba mai gini ba ne, amma tunda asalin maganar kare ne da wurin salla, bari in sa baki domin hankalin uwargida ya kwanta. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, kare mai rai jikinsa da gashinsa ba najasa ba ne. Wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki a ciki, malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun fi tsanantawa. Fitsarinsa kuwa najasa ne, kuma shi ne abin da ke shiga kafet ya sauka har soson ƙasa. Cire kafet ɗin daidai ne. Amma tsarki bai wajabta tayil ba. Duk abin da ruwa zai wanke ya gusar da najasar ya wadatar.

Dan_Indiana:
Allah ya saka da alheri Malam, na karanta mata. Tunda an zo nan, akwai wani dalilin da ya sa na so tayil. Alwala. Banɗakin motar ba a yi shi domin a zubar da ruwa a ƙasa ba, babu magudana sai a cikin ɗan wurin wanka. Yara idan sun shiga da buta sai ka tarar ƙasa jage-jage. Na lura ma a bakin ƙofar banɗakin, idan na taka, wurin yana ɗan lotsawa.

Injiniya_Zariya:
Tsaya nan. Wannan lotsawar ta fi duk abin da muka tattauna muhimmanci. Ƙasan irin waɗannan motoci filawud ne ko katakon ɓarɓashi da aka matse, kuma idan ya sha ruwa kumbura yake ya ruɓe. Ku kwanan nan kuka saye ta, ruwan butar yaranku bai isa ya yi haka ba. Wani abu ya daɗe yana yoyo: robar gindin masai, ko mahaɗar bututu a bayansa, ko ruwan sama da ke biyo bango daga rufi. Ɗaga ledar wurin, ka soka sukundireba. Idan ta shiga ba gardama, sai ka yanke har inda katako mai lafiya ya fara, ka sa sabo ka ɗaure shi a kan firam. Ka hau rufin ka duba duk inda aka shafa gam a gefen fanka da tagar sama. Kowace irin shimfiɗa ka ɗora a kan ruɓaɓɓen katako asara ce.

Oga_Tayil_Kano:
Wallahi kuwa. Da ka rufe shi da tayil da ba za ka sani ba sai ranar da ƙafa ta burma.

Kafinta_Jos:
Ba wanda ya taɓo maganar ɓangaren nan da ke turowa waje. Idan zai koma ciki, a saman daɓen falon yake bi, a kan 'yan tayoyi ko sandar roba, tazarar kuma kaɗan ce. Tayil da gam za su ƙara wa daɓen tsayin santimita ɗaya da rabi ko fiye. Ko dai ya ƙi shiga, ko ya shiga yana kankare fuskar tayil, ko ya ƙona ɗan injin da ke jansa. Haka ƙofar banɗaki da durowoyin ƙasa. A auna wannan tazara kafin a sayi ko da leda ce mai kauri.

Sani_Hamburg:
Akwai fosilin siriri mai milimita 3 zuwa 3.5 da ake yi a manyan faranti, nauyinsa wajen kilo 8 a murabba'in mita. Yana magance nauyi da tsayi. Sai dai tsada, kuma yana son ƙasa shafaffe mai tauri fiye da na kullum. A bango zan sa shi, a ƙasan da ke lotsawa a'a.

Baba_Houston:
Ni fa har yanzu ina ganin idan ɗan wuri ne, kamar bakin ƙofar shiga inda ake cire takalmi, ko cikin banɗakin da bai fi murabba'in mita ɗaya da rabi ba, ƙananan tayil a kan shimfiɗar da Sani ya faɗa za su zauna. Kilo 30 zuwa 40 ne. A cike layin da ifokzi, wato gam ɗin nan mai tauri da ba ya shan ruwa.

Direban_Tirela_TX:
Baba ya danganta da inda banɗakin yake. A irin wannan mota akwai doguwar jela bayan tayoyin baya, duk abin da ka ɗora can yana danne baya fiye da nauyinsa yana ɗage gaba, sitiyari ya yi sako-sako. Can ne kuma ya fi tsalle. Malam ka loda motar kamar za ku yi tafiya, ruwa cike, mai cike, kowa a ciki, ka shiga sikelin CAT a tashar manyan motoci. Kuɗi kaɗan ne, za su ba ka nauyin gaba daban na baya daban, ka gwada da lambobin da ke jikin ƙofa. Yawancin fashewar tayar da nake gani a gefen hanya da zafi, lodi ne da ƙarancin iska.

Hajiya_Columbus:
Na ƙasa mu leda muka sa, guda ɗaya ba gaɓa, mai zanen tayil. Baƙi sai sun duƙa sun taɓa suke yarda. A banɗaki maigida ya ɗaga bakinta ya hau bango kamar yatsa uku, ya bi da silikon, ruwan alwala ba ya samun hanyar shiga. Muka ajiye ƙaramar roba mai faɗi ta wanke ƙafa a cikin wurin wankan.

Ummu_Sudais:
Falankin roba mai shiga cikin juna fa? Shi ake yayi yanzu.

Kafinta_Jos:
Yana da kyau a ido, amma yana buɗewa yana tsukewa da zafi da sanyi. Dole a bar tazarar kamar milimita 6 a duk gefe, kuma kada a danne shi da kabad ko ƙafar kujera mai noti, in ba haka ba sai ya yi tozo a tsakiya. A karanta takardar garanti, kamfanoni da dama sun cire wurin da ba a daidaita zafinsa. Akwai kuma tayil na roba da ake mannawa da gam a bar layi a cike shi da abin cikewa mai bayarwa. Shi ya fi kusa da abin da Alhaji ke so a gani, kuma kaurinsa bai wuce milimita 4 ba.

Oga_Tayil_Kano:
Idan za ka yi na bangon Alhaji, kada ka yi shi cikin sanyin nan naku. Gam na siminti ba ya kamawa idan sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5 zuwa 10. Kuma ka daidaita motar a lebur kafin ka ja layi, domin idan tana karkace ma'aunin ruwa zai yaudare ka. Da saman kantar kicin za ka daidaita layin farko. Yankan kuma a waje, da ruwa, da abin rufe hanci. Ƙurar tayil tana lalata huhu, mun ga abokan sana'a da ta kwantar. Bayan ka gama ka bar motar a tsaye kamar mako guda kafin ka hau hanya.

Dan_Indiana:
Na ɗaga ledar bakin banɗaki. Katakon ya yi baƙi, faɗin kamar tafin hannu huɗu, kuma da danshi a bayan masai inda bututu ya shiga. Zan fara da wannan. Kanta na bar ta, Hajiya ta yi nasara, uwargida ma ta goyi bayanta. Bango zan bi hanyar Oga da Malam Sani. Na ƙasa har yanzu muna ja, ita tana son na Baba a banɗaki, ni hankalina ya fi karkata ga leda guda. Sai na hau sikeli tukuna.

Baba_Houston:
Ka turo mana lambar tayoyin baya idan ka auna. Idan da sarari, ina nan a kan bakata game da banɗakin.

Maman_Iman:
Oga_Tayil_Kano, wannan dabarar jera tayil a kan filawud a ƙasa sannan a ɗaga, za ta yi a gaban tagar da nake miƙa abinci ta waje? Rana da ruwan sama suna dukan wurin.

Oga_Tayil_Kano:
Za ta yi Hajiya, amma ba da filawud na kasuwa ba. Ki nemi na jirgin ruwa ko allon siminti, a shafe bakinsa huɗu kafin a ɗaura, a rufe saman da angul na alminiyon yadda ruwa ba zai bi ta baya ba. Turo min awon wurin da hoton firam ɗin tagar in ga inda sukuru zai kama.